Hayaƙin Bompai da Kwalin Otal: Yadda Lissafin Ya Juya

Kwanakin baya muna zaune a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, sai ga jikan wani dattijon maƙwabcinmu da waya a hannu, yana nuna wa kakan nasa shafin neman lamunin karatu. Yaron ya samu gurbin karanta aikin otal da saukar baƙi, yana son ya nemi bashin gwamnati. Dattijon ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana dafa wa manajojin wata masaƙa abinci a Bompai, har sunan Baba Kuku ya bi shi. Ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya miƙa masa abarsa ya ce, "Kai ɗan nema, yanzu suyar ƙwai ma sai an ci bashi?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Tsoho, ai naku zamanin ya wuce. Yanzu ko gyaran gado za ka yi a babban otal sai an tambaye ka kwali." Wasan kaka da jika ne, amma kowannensu ya faɗi gaskiyar zamaninsa, kuma sai mun koma baya kafin mu ga yadda aka tashi daga waccan aka faɗo wannan.

Saukar baƙi a Kano ta girmi otal da ɗaruruwan shekaru. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, duk ayarin da ya shigo gari ya san inda zai dosa. Larabawan Gadamas da Tarabulus suna da gidajensu a Dandalin Turawa, don a lokacin su ake kira Turawa. Buzaye da raƙumansu suna yada zango a Fagge. Fataken goro da suka dawo daga Gwanja kuwa, kowa da fatomansa. Fatoma shi ne zai ba baƙo ɗaki, matan gidansa su tuƙa masa tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kayan bashi. Ba ya lissafa wa baƙo kuɗin kwana, la'adar ciniki ce ribarsa. Yaron da ke son sana'ar a gidan yake tashi, yana kai akushi zaure, yana raka baƙo kasuwa, yana tsintar Larabci ko Buzanci a bakin masu shi, har ranar da maigida zai ga ya isa riƙe nasa baƙin. Bai biya ko wuri ɗaya don ya koya ba, shekarunsa ya biya. Abin da za mu riƙe daga wannan zamani shi ne, abincin mai masauki a cikin cinikin baƙonsa yake. Idan ayari ya yi ciniki fatoma ya ci nama, idan hanya ta toshe shi ma ya kwana da yunwa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya aka fara jigilar kaya sosai, gyaɗa ta zama sarauniya. Da jirgin ƙasa sai ga wani sabon irin baƙo, wanda ba ya kwana a zaure, ba ya cin tuwo da hannu, yana son gado da cokali mai yatsu da shayi a kan lokaci. Nan aka samu sababbin sana'o'i a Nasarawa da sauran gidajen bariki: kuku, da boyi, da mai wanki da guga. Su ma a bakin murhu suka koya, takardar shaidarsu kuma 'yar wasiƙa ce da Baturen da ya tashi tafiya gida zai rubuta, kuku ya naɗe ta a leda ya ajiye a ƙasan akwati kamar laya. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa filin jirgin ya zama zangon jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Matuƙa da fasinjoji suna buƙatar wurin kwana.

Sai dai abin da ya mayar da aikin otal sana'ar albashi ta gaske a Kano shi ne masana'antu. Bompai ce uwa. A can, kusa da layin dogo, aka fara da matse man gyaɗa, sannan sabulu da alewa da turare da kwanonin langa, daga baya masaƙu da kamfanin fulawa da ke titin Maimalari da na haɗa keken Raleigh. Masu jarin farko akasari Kwarori ne da Turawa, sai Indiyawa da 'yan Sin, kafin attajiran gari su shigo da ƙarfinsu. Kowace injin da aka sauke tana zuwa da injiniyan da zai kafa ta, ya yi wata biyu ko uku a gari. Kowane kamfani yana da akanta mai zuwa duba littattafai daga Ikko, da dillalai daga Yamai da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Injamena. Ba banza ba Central Hotel da Kano Club suke a kan titin Bompai. Kamfani ne ke kama ɗakin, kamfani ne ke biyan kuɗin abincin, kuma daga wannan kuɗi ake biyan mai karɓar baƙi da mai jera faranti.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika sa shi a lissafi ba. Duk wanda ya san Bompai a lokacin tashen ta zai tuna ƙarar jiniyar tsakar rana, da yadda ƙofofi ke buɗewa leburori su ɓarko, wasu da auduga a gashin kai, wasu da baƙin mai a hannu. A gindin katanga masu abinci sun riga sun jera: mai ɗanwake tana tsamowa da matsami, mai shinkafa da wake tana yaryaɗa mai da yaji, mai shayi yana ɗaga kofi sama yana shekawa. Ba a cika biya nan take ba. Akwai ɗan littafi mai maiƙo da ake rubuta sunan kowa, sai ƙarshen wata a zo a warware. Manyan ma'aikata suna da ɗakin cin abinci a cikin kamfani, da kukunsu da mai kula da sito. Dubban gidaje a Dakata da Tudun Wada da Gwagwarwa da wannan hidima suka rayu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zo da dogon buri. Kafin ya bar mulki a 1975 ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, ya buɗe gidan zu, kuma ya sa gwamnati da kanta ta shiga harkar otal: Daula a cikin gari, Bagauda a bakin tafki, da Rock Castle a kan dutsen Tiga. A wannan tsakanin ne Bompai ta cika ta batse, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, daga bisani aka miƙa har Chalawa, bayan Fanshekara, inda majemu suka samu ruwan da suke buƙata. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka buɗe wa 'yan gida kujerun da a da sai baƙi. Otal mai ɗaki ɗari ba ya tafiya da wasiƙar Bature a ƙasan akwati. Yana buƙatar wanda ya san lissafin sito, da farashin kowane faranti, da tsarin ma'aikata. A Turai an daɗe da gane haka, don tun 1893 aka buɗe makarantar aikin otal a Lozan ta ƙasar Siwizalan, Jami'ar Cornell ta Amurka kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1922. Mu a nan Arewa, kwalejojin fasaha irin ta Kaduna ne suka ɗauki nauyin, aka fara yaye matasa da difiloma a girki da kula da otal.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wannan ne lokacin da lissafin ya fi kowane daɗi. Ɗalibin wancan zamani bai cika damuwa da wani abu wai shi bashin karatu ba. Jiha ce ke biya masa, ta kuma ba shi alawus. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya gaba ɗaya. Rigimar da ta tashi a 1978, wadda ta ci rayukan ɗalibai a Samaru da Ikko har aka yi ta kiran Kanar Ahmadu Ali ya sauka, asalinta ƙarin kwabo 50 ne a kuɗin abincin yini. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai lamuni tun 1972, amma karɓo kuɗin ya gagara, mutane suka ɗauke shi rabonsu na arzikin man fetur. A ɗaya gefen kuma aiki ne ke jiran mai kwali. Rahoton Udoji na 1974 ya ɗaga albashi, kamfanoni suka bi sahu. Da aka yanke mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 1981, naira 125 ne a wata, kuma a canjin lokacin kusan dala 200 ke nan. Mai difiloma da ya fara a matsayin mataimakin manaja ya wuce nan nesa. Wato karatu kyauta, albashi mai auki. Duk da haka, mu faɗi gaskiya, 'yan Kano da yawa ba su shiga ba. Kalmar otal a kunnen iyayenmu tana tafe da warin giya da zancen matan banza, kuma da wuya uba ya yarda a ce ɗansa, balle 'yarsa, a can yake aiki. Mafi yawan guraben sai 'yan'uwanmu na Binuwai da Filato da kudu suka cike su. Lokacin da abin ke da maiƙo mun tsaya muna kallo.

Daga 1982 iska ta fara juyawa. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, samun lasisin shigo da kayan gyaran injina ya zama sai mai uwa a gindin murhu. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta fara gangarowa, kamfanin da ke sayo zare ko sinadari daga waje ya ga kuɗinsa ya narke a hannu. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma janareto da baƙin mai. Abin mamaki, a ƙarshen shekarun 1980 ɗin nan ne gwamnatin tarayya, da haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, aka kuma ba ta mazauni a Bagauda. Makaranta ta iso daidai lokacin da kasuwa ke watsewa. Baƙin ma sun samu sabuwar alƙibla: an buɗe Hilton a Abuja a 1987, gwamnati ta tare can a Disambar 1991, manyan taruka da manyan masu kashe kuɗi suka bi ta. A 1993 aka yi dokar kafa bankin ilimi don ya maye gurbin tsohuwar hukumar lamuni, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba.

Abin da ya biyo baya duk mun gani da idonmu, ba sai an ja shi ba. An ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, ta gaba da ta bayan fage, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gine-ginen da a da ke ɗauke da ma'aikata dubu suka koma sito, mai gadi ɗaya da kare. Otal ɗin Bagauda ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 ta kawar da giya daga yawancin otal-otal na gari, abin da ya rage wa wasu kuɗin shiga, amma kuma ya wanke sana'ar a idon iyaye, har 'ya'yan gida suka fara shigarta ba tare da sunkuyar da kai ba. Sai harin 20 ga Janairun 2012, wanda ya taɓa har hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ya kuma kashe mutum fiye da 180. A shekarar ne jirgin KLM ya daina sauka a Kano bayan fiye da shekara sittin. Baƙon waje ya ɗauke ƙafa.

Labarin Daula shi kaɗai ya isa a karanta tarihin nan a cikinsa. An gina shi don baƙin masana'antu. Da baƙin suka ragu ya lalace, gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta mayar da shi makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido. Gwamnatin da ta biyo baya ta ba 'yan kasuwa filin, sannan a watan Yunin 2023 wata sabuwar gwamnatin ta sa katafila ta rushe abin da aka gina a wurin. Otal ya zama makarantar otal, makarantar ta zama fili.

A wannan shekara ta 2023 ne kuma ɗaya gefen lissafin ya motsa. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, jami'o'in tarayya suka ɗaga kuɗin rajista, a Jami'ar Bayero ya ninka fiye da sau biyu. Gwamnatin Kano ta rage rabin kuɗin a makarantunta, amma kuɗin mota da na abinci da na kayan gwaji ba su san da wannan ragi ba, kuma ɗalibin girki shi ke sayen fulawa da man da zai yi jarrabawa da su a mafi yawan lokuta. Sai aka sa hannu a dokar lamunin ɗalibai, aka sake ta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu. Sharuɗɗan a fili suke: babu ruwa a kan bashin, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, wanda ya nema ana ba shi naira 20,000 a wata na kashewa, biya kuma yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi, ko na ribar wata ga mai sana'ar kansa. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa.

To, mu yi wa jikan Baba Kuku lissafi a kan takarda. A ce rajista naira 100,000 ce a shekara, shekara huɗu ta kama 400,000. A ce ya karɓi kuɗin kashewa wata goma a kowace shekara, 800,000 ke nan. Jimla miliyan 1 da dubu 200. Idan ya fito ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashin Kano, naira 71,000 da aka yanke a 2024, za a riƙa cire 7,100 a wata, sai ya yi shekara 14 yana biya. Idan ya dace da albashin 200,000, shekara biyar ta ishe shi. Idan kuwa kuɗin rajista kaɗai ya ranta, ko a kan ƙaramin albashin bai kai shekara biyar ba zai gama. Kada a manta da shekarun da kansu: ta hanyar kwalejin fasaha akwai biyu na ƙaramar difiloma, ɗaya na sanin makamar aiki, biyu na babbar difiloma, ɗaya na bautar ƙasa. Shekara shida, alhali sa'ansa da ya shiga kicin tun daga sakandare ya riga ya zama shugaban masu girki.

A ganinmu bashin ba shi ne abin tsoro ba. Idan aka gwada da Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi kuma yana haihuwa, namu mai sauƙi ne. Bashi marar ruwa a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, kullum ƙara sauƙi yake yi a wuyan mai shi. Inda gizo ke saƙa shi ne albashin. Naira 71,000 ɗin nan ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, kwata ɗin abin da lebura ke ɗauka a 1981. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma mafi yawan ƙananan masaukan baƙi na Kano a nan suke. A Ingila sai albashin mutum ya wuce wani mizani kafin a fara cire masa kashi 9 na abin da ya haura. A nan kuwa, 7,100 daga aljihun mai 71,000 kuɗin cefanen kwanaki ne. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar fatoma da ba ta mutu ba: mai otal a Kano ya fi son ya damƙa makullin sito da akwatin kuɗi a hannun ɗan'uwansa ko yaron gidansa, mai kwali ya tsaya a teburin karɓar baƙi yana murmushi.

Ba a ce Sharaɗa da Chalawa da Bompai sun mutu ba. Majemu na aiki, akwai kamfanonin roba da na casar shinkafa da na lemo, Dala Foods na nan a Sharaɗa da shayinta da kunun tsamiyarta. Amma tun da aka ɗaga kuɗin wutar manyan layuka daga kimanin naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024, kamfani da otal duk wuta ce ke cinye abin da da zai tafi albashi. Baƙon yau ma daban ne: mai sayen riɗi da zoɓo a Dawanau, ɗan kasuwar Kwari daga Nijar ko Chadi, ma'aikacin ƙungiyar agaji da ya zo taron bita. Kuɗin saukar baƙi ya fi zuba yanzu a ɗakunan taro da hidimar biki, kamu da walima da dina, inda mace ɗaya da waya da tukwane goma take ciyar da mutum ɗari biyar, ta samu a mako abin da mai karɓar baƙi ba ya samu a wata. Wasu daga cikin waɗanda suka fi iya wannan hidima masu difilomar girkin ne, kuma a nan karatun ke nuna kansa, wajen fitar da farashi da hana asara da tsafta. Masu neman albashi mai kauri kuwa, Abuja da Ikko suke nufa, wasu har Saudiyya da Dubai.

Jikan Baba Kuku dai ya cike takardar, kuma bayan doguwar muhawara a kan dakali ya nemi kuɗin rajista kaɗai, ya ce na kashewa zai nema a wajen wata mai abincin biki da yake taya aiki ranakun Asabar da Lahadi. Ba kowa ne ke da wannan dama ba, wani idan bai karɓi dubu ashirin ɗin ba karatun ma ba zai yiwu ba. Amma iyaye da ɗalibai, kafin a danna maɓallin neman lamuni, a daure a taka zuwa otal biyu ko uku a Nasarawa ko titin Bompai, a samu wanda ke tsaye a teburin karɓar baƙi, a tambaye shi kwalin da yake da shi, da shekarun da ya yi a wurin, da abin da ke shiga asusunsa a ƙarshen wata.